Tela Ya Rage Wa Babur Ƙafa

Akwai wani tela da ba wanda ke kiransa da sunan yanka, kowa Nasani yake ce masa. Da guminsa ya samo sunan, don ba a taɓa fara yi masa bayani an kai ƙarshe ba. Ko likita ne ya buɗe baki zai gaya masa yadda ake shan magani, kafin ya kai rabi zai ji, "Na sani, na sani." A ɗinki kam ba a raina shi, in ya yanka maka wando sai ka rantse a jikinka ya tsiro. Ciwon shi ne, a ganinsa duniyar nan gaba ɗayanta yadi ce, duk abin da bai zauna daidai ba awo ne ba a yi masa ba.

Ya gyara fankar ɗakinsu, ta koma hura silin. Ya gyara dutsen gugar matarsa, ya koma ba ya zafi sai a mariƙi. Ya gyara rediyon surukarsa, tun daga ranar rediyon bai ƙara ce masa uffan ba, ita ma surukar haka.

Shi ya sa ranar da yayansu, wanda suke kira Yaya Babba, direban babbar mota da ba ya zaman gari, ya yanke shawarar barin baburinsa a hannun ɗaya daga cikin ƙannensa, sai da ya zaunar da su biyun. Ga Nasani, ga kuma autansu mai aski, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan babur ɗin.

Yaya Babba ya dubi Nasani ya ce, "Kai ne babba, kuma gidanka ya fi nisa, kai zan ba. Ka hau, ka zuba mai, ka wanke. In ya yi tari ka kai wa bakanikena. Amma ranar da na ji ka ɗora masa sifana, ko madubi ne ka ɗaure, makulli ya koma hannun Auta. Ka ji ni?"

"Na sani, Yaya."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Auta ya yi murmushi irin na wanda aka ce ya jira a ƙarƙashin bishiyar da 'ya'yanta suka nuna.

Nasani ya ƙaunaci babur ɗin nan har cikin ransa. Da can a ƙafa yake tahowa daga ƙarshen gari da ƙullin ɗinki a ka, ya iso shago yana tsiyayar gumi. Yanzu kuwa da hon yake gaida mutane. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya, wato kwanar da ake shiga layin shagonsa. Muguwar kwana ce, teburin mai shayi na daidai bakinta, mai faci na gefensa da bahon ruwan da yake gwada tiyub, kwata kuma na bayansu. Kullum da safe Nasani zai taho a guje, ƙirji a gaba, idonsa ba a kan hanya ba, a kan bencin mai shayi, yana duba wa da wa suka gan shi. Kafin ya tuna da kwana ta riga ta wuce shi, sai ya sauke ƙafa yana jan ƙasa har bakin kwata.

Wata safiya ƙafar ba ta cece shi ba, tayar gaba ta yi sallama a cikin bahon mai faci. Ruwa ya tashi ya wanke masu shan shayi.

Mai faci ya leƙa bahon, ya ɗago ya ce, "Tela, tayarka lafiya lau, ba ta fitar da kumfa. Gobe in za ka kawo gwaji ka cire ta daga jikin babur tukuna."

Benci ya ɗauki dariya. Nasani ya ji kunya ta rufe shi, amma bakinsa bai mutu ba.

"Ku da ba ku san inji ba sai ku ce laifina ne. Babur ɗin ne aka yanka ba daidai ba. Gabansa ya yi tsawo."

Mai shayi ya ce, "To ai Yaya Babba ya daɗe yana shan kwanar nan da shi."

"Yaya Babba ƙato ne, awonsa daban. Ka taɓa ganin na sa wandon Yaya Babba?"

Maganar tsawon gaba ba daga sama ya tsinto ta ba. Kwanakin baya wani mai tseren babur ya kawo masa jaket ya sa masa zif, suna hira ya nuna masa fok, ƙarafan nan biyu masu sheƙi da suka sauko daga wuyan babur suka riƙe tayar gaba. Ya ce notuna ne suka matse su a ƙarƙashin hannu, in aka sassauta aka turo ƙarafan sama kaɗan, gaban babur sai ya sauka, shan kwana ya yi sauƙi.

Mai tseren ya ce, "Kaɗan fa, kamar faɗin farce. Kuma kafin ka taɓa noti sai ka ɗage tayar gaba ta bar ƙasa, sannan…"

"Na sani, na sani," in ji Nasani, ya miƙa masa jaket ɗinsa.

To ranar bahon nan, da rana ta take, ya je wajen mai faci aron sifana, wai keken ɗinkinsa ne ke ƙara.

Mai faci ya ce, "Wane irin keken ɗinki ne mai notin babur?"

Nasani ya duba hagu ya duba dama, ya sauke murya. "Sirri ne. Zan rage wa babur ɗin nan ƙafa. Gobe war haka a cikin farantin mai shayi zan yi kwana, ban taɓa kofi ba. Amma kada kowa ya ji, musamman mai askin nan."

Daga nan ya je ya gaya wa mai shayi, ya ce kada kowa ya ji. Ya gaya wa mutum huɗun da ke kan benci, ya sa kowannensu ya rantse. Don ƙarin sirri ya ɗauko wani yadi ja jawur na wata mata da ta kawo ɗinki, ya ɗaura shi a ƙofar shago ya zama labule. Duk wanda da zai wuce abinsa, da ya ga jan labule sai ya zagayo ya ga me ake ɓoyewa. Kafin a jima sirrin ya tara mutanen da suka fi na bakin asibiti.

Nasani ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya saƙala alli a kunne, ya hau babur ɗin ya zauna don ya ji daɗin kai hannu. Ya sassauta notin hagu na sama da na ƙasa. Ya juya dama ya sassauta na sama. Sai ya kwanta da ƙirjinsa a kan hannun babur, ya leƙa ƙasa, yana murɗa na ƙarshen yana bayani.

"Abin lura a nan shi ne natsuwa. Inji kamar siliki ne, ba ya son gar…"

Ji kake ƙwaram! Gaban babur ya zube ƙasa gaba ɗaya, ƙarafan biyu suka yi tsalle sama, na dama ya sami Nasani a haɓa. Haƙoransa suka haɗu da harshensa a tsakiya, allin ya yi nasa wuri.

Mai faci ya ce, "Kai, babur mai tarbiyya! Ya durƙusa yana gaishe ka."

Nasani ya riƙe haɓa, idonsa ya kawo ruwa. Da harshen ya dawo hayyacinsa ya ce, "Haka ake yi. Sai an sauke shi duka sannan a ɗauki awo. Ku kama mini."

Mai shayi ya kama hannun hagu, mai faci ya kama na dama, suka ɗaga gaban babur suna nishi, shi kuma ya durƙusa da tef. Mai tseren ya ce faɗin farce, amma Nasani ya yi lissafinsa. In faɗin farce na kawo sauƙi, ai faɗin yatsa uku sai ya kawo sauƙi da rara. Tela kuwa bai taɓa yin nadamar barin rara ba. Ya ja layi da alli a jikin ƙarfen. Ƙarfe mai santsi da maiƙo, allin bai zauna ba. Ya sake ja, ya sa yatsa ya nuna wa jama'a wurin, yatsan ya goge layin.

Mai shayi ya ce, "Tela, hannuna zai cire, ruwana kuma na tafasa."

"Riƙe dai, aikin ilimi ba a yi masa gaggawa."

Mai shayi ya ga butarsa na ambaliya, ya saki ya ruga. Nasani ya yi maza ya ɗaure notin hagu a inda ya tsaya, ya zagaya ya ɗaure na dama. Da ya ja baya ya duba, ƙarfen hagu ya leƙo sama da yatsa uku, na dama da biyu.

Wannan kam ciwo ne da ya san maganinsa, ƙafar wando ce ɗaya ta fi ɗaya. Ya sassauta dama don ta kamo hagu, ta zarce ta. Ya koma hagu don ta kamo dama, ita ma ta zarce. Yana zagaya babur yana gumi, gaban yana ƙara sauka, har marfin tayar gaba ya kusa sumbatar wuyan babur. Wani dattijo cikin 'yan kallo ya ce shi dai yanzu ya gane yadda dogon wandon da ya kawo bara ya koma gajere.

Daga ƙarshe aka tsaya a yatsa huɗu da rabi a hagu, huɗu a dama.

Mai faci ya ce, "Har yanzu ba su zo daidai ba."

"Tun ina saurayi nake awon mutane, ban taɓa ganin wanda ƙafafunsa suka zo daidai ba. Kai naka daidai suke? Kawo in auna."

Mai faci ya ja ƙafarsa baya. Sai ga wani ya turo babur da taya a kwance, mai faci ya miƙa hannu a ba shi sifanarsa.

"Ka ƙarasa matse notunan in karɓa. Na ga da yatsa biyu kake murɗawa."

Nasani ya yi masa kallon tausayi. "Wannan ɗaurin gwaji ne. Wane telan kirki ne ke yin ɗinkin ƙarshe mai kaya bai gwada ba? A ɗan kama shi sama-sama, a sa a jiki, a ga inda ya matse da inda ya saki, sannan a bi da keke. Gobe zan ƙarasa."

"Goben tela?"

"Karɓi abinka, ka cika surutu."

Ya buga sitan, ƙarfen gefen nan da ake kafe babur a kai, ya juya zai karɓi gaisuwar jama'a. Abin da bai lissafa ba shi ne, da gaban ya sauka, sitan ɗin ya yi wa babur tsawo. Maimakon ya kwanta a kansa, sai ya tsaya ƙiƙam, ya ɗan yi tunani, ya tafi ɗaya gefen. Ya tafi da labulen, labulen ya tafi da igiyarsa, igiyar ta tafi da tiren burodin da mai shayi ya ajiye a kan dakali.

Mai shayi ya ɗora hannu a ka. "Burodina! Tela, me na yi maka a duniya?"

"Ƙasar wajen nan ce ba ta da awo," in ji Nasani. Ya ɗauko tsohon almakashi ya haƙa ɗan rami a ƙofar shago, ya tayar da babur, ya saka sitan a ciki. Babur ya jingina lafiya lau. Ya kakkaɓe hannu ya dubi jama'a kamar wanda ya ƙirƙiro jirgin sama.

Da yamma aka zo gwaji. Abu ɗaya dai mai tseren bai yi ƙarya ba, babur ya koyi kwana. Har ya koye ta fiye da kima. Nasani na ɗan motsa hannu sai ya zabura kamar an tsikare shi, in kuma ya bar hannun sai ya ja hagu da kansa. Gidan Nasani dama ake yi, babur ya ce hagu. Ya zagaya bahon mai faci sau ɗaya, ya sake zagayawa, mai faci na tsakiya yana juyawa da shi da tiyub a hannu.

Nasani ya ɗaga murya, "Kun ga kwana ko? Kun gani?"

"Mun gani! To ka tafi gida mana!"

"Sai na ga dama!"

A zagaye na uku ya samu ya fizge shi ya miƙe hanya, yana tafe yana karkata jiki dama don su daidaita, kamar mai ɗauke da bokitin ruwa a hannu ɗaya.

Matarsa na tsakar gida tana kwashe shanya ta ji ana sara a bakin ƙofa. Ta leƙo ta ga mijinta a durƙushe yana fasa simintin da aka shafe bara.

"Baban yara, lafiya? Me kake binnewa?"

"Wurin ajiye babur nake gyarawa."

Ta dubi babur ɗin da ya sunkuyar da kai, ta dubi ƙarafan da suka tsiro masa a wuya, ta dubi haɓar mijinta da ta kumbura. Shanyar ta zube daga hannunta.

"Ka taɓa shi. Wayyo ni, ka taɓa shi! Yaya Babba bai ce kada ka taɓa ba?"

"Ban taɓa shi ba, gyara shi na yi."

"Haka ka gyara fanka. Ni dai ka sani, ba zan koma ɗaukar cefane a ka daga kasuwa ba. Ka mayar da shi yadda yake tun Auta bai gani ba."

"Maman yara, ke da ba ki san giya ta ɗaya ba. Gobe zan yi masa ɗinkin ƙarshe, Yaya kuma yana can kan hanya, sai wata ya mutu."

Washegari da hantsi, yana shago ya ɗora ƙafa a kan keke, waya ta yi ƙara. Yaya Babba ne. Ya shigo gari da asuba, ya bar mota a gareji ana duba ta, yana shagon Auta ana yi masa aski, in an gama za su taho tare su gaisa.

Nasani ya ajiye waya. Ya fita a guje wajen mai faci.

"Sifana, don girman Allah! Yaya Babba ya shigo gari!"

Mai faci ya ce, "Wace sifana? Yaya Babba na gari, ka ce in ba ka sifana? So kake ya zo ya same ta a hannunka da sunana a jiki? Jiya ma ban ba ka ba, ban san ka ba, ban taɓa ganin babur ba."

Nasani ya dawo ya tsaya a kan babur ɗin. Ƙarafan nan biyu na ƙyalli a rana, ko makaho ya shafa ya san an yi aika-aika. Tsoro ya kama shi sosai, ya hango kansa da ƙullin ɗinki a ka, Auta na wuce shi yana hon. Sai dabara ta faɗo masa, irin wadda tela kaɗai za ta faɗo wa. Abin da ba a iya gyarawa ai rufe shi ake yi. Ya zari ragowar wani yadi mai laushi ruwan kore, ya hau keke, kafin ruwan mai shayi ya tafasa ya ɗinka 'yan huluna biyu dogaye, ya sa musu tuntu ruwan zinare a ka. Ya zura wa kowane ƙarfe tasa. Ya wanke babur, ya goge shi har yana ɗaukar ido.

Sai ga su. Yaya Babba a gaba, mutum kamar ƙofar gareji, kai na sheƙin sabon aski. Auta na biye, idonsa tun daga nesa a kan babur.

Nasani ya tare su da fara'a har kunne. "Yaya, sannu da hanya! Ya gajiya? Ya mota? A kawo shayi!"

Yaya Babba ya zagaya babur ɗin yana gyaɗa kai. "Ba laifi, ka riƙe shi da tsabta. Waɗannan 'yan hulunan fa?"

"Ado ne, Yaya. Babur ɗin tela ai dole a gan shi da sutura."

Auta ya ce, "Yaya Tela, a da me ke wurin da ka sa wa hula? Ni ban tuna akwai wani abu a nan ba."

"Kai da ba ka taɓa mallakar babur ba, ina za ka tuna?"

"Kuma kamar ya sunkuyar da kai."

"Ya ga mai shi ne. Kai ma da kana da ladabinsa da ka ci gaba."

Yaya Babba ya yi dariya har cikinsa na rawa. Ya nuna ƙasa. "Ramin nan fa?"

"Saboda ɓarayi. In sitan na rami, babur ba ya turuwa."

Masu shan shayin da suka rantse jiya duk sun juyo a kan benci, kowa ya cusa hanci a kofi, kafaɗu na rawa. Nasani ya ga alamar zai tsallake. Har ya fara jin cewa shi fa ba ƙaramin mutum ba ne. Yaya Babba ya shanye shayinsa ya ajiye kofi.

"To madalla. Tashi ka kai ni gareji in ga abin da suka yi wa motar."

"Yanzu? Yaya, ai tafiya a ƙafa na da amfani ga mai zaman mota."

"Kai, tashi mu je."

Ba yadda ya iya. Ya hau, ya tayar, Yaya Babba ya ɗare baya. Nauyinsa ya danne bayan babur, gaban ya ɗan ɗago, hannu ya yi sauƙi. Suka tashi sumul. Nasani ya ji zuciyarsa ta dawo wurinta, ya ce a ransa ashe abin da gyaran ke jira ke nan, kaya a baya. Ga kwana na tahowa, ga benci cike, ga Auta a tsaye yana kallo. Shaiɗan ya raɗa masa cewa irin wannan rana ba ta zuwa sau biyu. Ya ƙara mai.

"Yaya, riƙe da kyau ka ga yadda ake shan kwana!"

"Kai, rage gudu!"

Ya waiga benci ya ga ko ana kallo. Ana kallo. Da ya dawo da ido kwana ta iso, ya damƙi birkin gaba da dukkan ƙarfinsa.

Nauyin mutum biyu ya tafi gaba, ɗaurin gwaji ya ce shi iyakarsa ke nan. Nasani na gani da idonsa 'yan hulunan nan biyu suka fara tsawo, tuntu na rawa, suna tahowa wajen fuskarsa. Wuyan babur ya zauna a kan marfin taya, marfin ya ciji taya, taya ta tsaya cak. Babur ya durƙusa kamar raƙumin da aka zo sauke wa kaya, ya kuwa sauke. Yaya Babba ya zamo daga mazauninsa ya hau bayan Nasani, Nasani ya hau tanki, daga tanki suka wuce ta saman hannu su biyu a haɗe. Nasani ya sauka a cikin bahon mai faci. Yaya Babba ya sauka a kan Nasani. Bahon ya baje ya zama faranti.

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai tayar baya da ke juyawa a sama. Sai mai faci ya ce a hankali, "Bahona."

Nan benci ya fashe. Wani mutum shayi ya fito masa ta hanci, dattijon jiya ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki yana salati. Aka taru aka ɗaga Yaya Babba, ba abin da ya same shi sai gwiwar wando da ta yage da laka a sabon aski. Aka ɓamɓaro Nasani daga bahon, yana ɗigar baƙin ruwa.

Auta ya tako a natse, ya sa yatsa biyu ya zare hula ɗaya, ya zare ta biyu. Ƙarafan suka fito tsirara, kowanne ya kai taƙi, ga sawun sifana a kan notuna sabo fil.

Yaya Babba ya dubi benci. "Wa ya taɓa mini babur?"

Ba wanda ya yi magana, alkawari ai alkawari ne. Sai dai duk idon da ke wurin ya juya ya sauka a kan mutum ɗaya.

Nasani ya share fuska. "Yaya, bari in yi maka bayani. Shi fok ɗin gaba, in ka lura da tsawonsa…"

"Na sani," in ji Yaya Babba.

Ya sunkuya ya zare makulli daga jikin babur, ya kama hannun Auta ya saka masa, ya ce ya tura shi wajen bakanike a mayar da komai inda kamfani ya sa shi. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Nasani ya tsaya yana kallon ƙaninsa na jan babur ɗin da baya, tunda tayar gaba ta ƙi juyawa. Yana son babur ɗin nan, kuma ya san ba zai dawo ba.

A gida matarsa ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ɗebo ƙasa ta cike ramin da ya haƙa, ta taka shi da ƙafa sosai yana kallo.

Ya koma tafiyar ƙafa da ƙulli a ka. Ran nan da safe yana cikin tafiya, gumi ya fara jiƙa masa wuya, ya ji hon a bayansa, hon ɗin da ya sani kamar muryar ɗansa. Auta ne, babur ya miƙe wuya yana sheƙi.

"Yaya Tela, hau in rage maka hanya."

"Motsa jiki nake yi."

"To shi ke nan."

Auta ya sa giya. Nasani ya dubi sauran hanyar da ke gabansa, ya dubi rana.

"Tsaya. Don dai kada a ce na ƙi zumunci."

Ya hau baya, ya ɗora ƙulli a cinya, ya kama rigar yaron da ya goya yana jariri. Suka iso kwanar, benci cike kamar kullum. Auta ya rage gudu tun daga nesa, ya sa ido a hanya, ya ɗan kwanta, babur ya bi kwanar nan sumul kamar almakashi a sabon yadi. Masu shan shayi suka tafa. Nasani ya kau da fuska wajen bango.

A ƙofar shago Auta ya tsaya, ya waigo yana murmushi.

"Yaya Tela, ya ka ji kwanar?"

Nasani ya sauka, ya gyara ƙullinsa, ya juya ya daɗe yana nazarin kwanar da ido ɗaya a kanne.

"An gyara hanyar ne," ya ce, ya shige shago.